Ƙanin Kulu na Ingila

Motar ta tsaya a ƙofar gidan Malam Abdulbaƙi bayan azahar, ana cikin karatu. Fara ce, lambar Kano. Direban ya fito ya zagaya ya buɗe ƙofar baya. Sanda ce ta fara fitowa, sannan mutumin. Bature ne, tsoho, dogo, ya ɗan ranƙwafa. A hammatarsa akwai wani dogon gwangwani siriri, kamar an yanko bututun ruwa.

Karatu ya tsaya. Manyan ɗalibai ne a zauren, magidanta da samari masu gemu, kowa da littafin fiƙihu a cinya. Shekarar ce rediyo ba shi da labari sai na Iraƙi, kuma kowa a Daura ya san sojan Ingila na cikin waɗanda suka shiga. Juma'ar da ta wuce ma Malam ya taɓo maganar a wa'azi har muryarsa ta dishe.

Direban Bakano ne mai fara'a, sunansa Zailani, shi ne kuma tafinta. Ya yi sallama ya durƙusa, ya ce daga Zango suke. Tun safe suke tambaya a can, wane ya tura su wurin wane, har wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta ce in dai zuri'ar Shatu matar Ya'u mai doki ake nema, to 'yarta Kulu na Daura, a gidan ɗanta malami.

 Malam ya rufe littafinsa, yatsa ɗaya a ciki.

Ya san labarin. Ba wanda ya kai shi saninsa, ba kuma wanda ya kai shi ƙinsa.

Zamanin Turawa ne. Wani Di'o da ake kira Mai Alfadari ya fito rangadi da matarsa, tana da ciki. Ba a saba ba, don Turawa gida suke mai da matansu su haihu, ita ma an ce shirin tafiyar take. Damina ta ritsa da su a barikin Zango, hanya ta yanke, haihuwa ta zo kafin lokacinta. Bakwaini aka samu, namiji. Uwar ta kwanta zazzaɓi, nono bai zo ba, madarar gwangwani kuwa da an ɗura masa sai ya dawo da ita. Ya'u ne ke kula da dabbobin Di'o, matarsa Shatu na goyon Kulu a lokacin. Ita ta ɗauki yaron. Tana shayar da shi har ruwa ya ɗauke, aka tafi da shi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Kulu ta tashi tana cewa tana da ƙane a Ingila. Da maganar ta yi aure, da ita ta zo Daura, da ita ta haihu. Mutane suka mai da abin wasa. Mata a gidan biki sukan tambaye ta ko ƙane ya aiko da gudummawa. Yara kuwa Abdulbaƙi suka samu. Su bi shi a hanyar makaranta suna tafi, ɗan yayar Nasara, yaushe kawu zai zo da jirgi. Ya yi dambe a kan wannan har haƙorinsa na gaba ya gutsure. Da ya girma ya zama malami ya gina gidansa, ya sa aka rubuta Ba Shiga a goshin soro, ya roƙi uwarsa ta bar maganar nan. Ta bari. A gabansa dai.

Ga shi yau jirgi ya kawo.

Aka shimfiɗa buzu. Baturen ya daɗe kafin ya kai ƙasa, gwiwoyinsa na ƙara. Da ya zauna sai ya dubi Malam cikin ladabi, ya sa hannu a ƙirji, ya ce da Hausa, "Sannu da aiki. Kawo ruwa, maza."

 Zailani ya yi sauri ya ce a yi haƙuri, iyakar Hausar mutumin ke nan, wurin ubansa ya ji yana yaro, shi a ganinsa gaisuwa ce. Wani a baya ya yi dariya ta hanci. Malam ya sa aka kawo ruwan.

Sunansa Lod Karobi, in ji Zailani. Lod ɗin sarauta ce ta gado a ƙasarsu, kamar a ce hakimi, sai dai su ba a zaɓe, ba a naɗi. Babban ɗa namiji ke hawa, ko nagari ne ko shashasha. Tarihin ubansa yake rubutawa, ya bi duk garuruwan da uban ya yi aiki. Amma ba shi ne ainihin abin da ya kawo shi ba. Uwarsa, tana gab da mutuwa, ta ce masa akwai wata mata a ƙasar Daura da ta ba shi abin da ita ta kasa ba shi. Sunan kawai ta riƙe. Shatu.

Baturen ya buɗe gwangwanin nan ya zaro takarda. Da aka warware ta sai da ta ci rabin tabarma, aka danne kusurwoyinta da littattafan ɗalibai. A can sama an zana garkuwa, da barewa biyu a tsaye suna riƙe da ita, da damin alkama a tsakiya. Ƙasa da wannan sunaye ne. Sunaye kamar tururuwa, kowane da zare ya ɗaure shi da na samansa.

Ya ɗora yatsa a kan na farko. Zailani na fassarawa, muryarsa ta yi ƙasa ba tare da ya sani ba. Wannan ya tsallaka teku da wani sarki, aka ba shi ƙasa da gandun daji. Wannan ya gina gidan dutse da har yau suke ciki. Wannan sarki ya sa an sare masa kai, ɗansa ya gudu, jikansa ya dawo ya karɓi gidan. Wannan mahaukaci ne, an kulle shi a ɗaki har ya mutu, amma ba a goge shi ba. Wannan mace ce da ta riƙe gidan ita kaɗai lokacin annoba. Kowa da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa, da wadda ya aura, da 'yar wane ce.

Malam bai so abin ya kama shi ba, amma ya kama shi. Shi mai son ilimin nasaba ne. Nasa asalin yakan ƙirga har kakan kakansa, wanda aka ce ya gangaro da shanu ta wajen Mashi, daga nan sai duhu. Ga wasu mutane sun riƙe nasu tun kafin a san za a haifi wancan mai shanun, sun riƙe har da mahaukacinsu. Ɗalibai sun matso. Har Sha'aban, wani saurayi ɗan Sandamu da ya fi kowa kaifin kai da zafin rai, ya miƙa wuya.

Yatsan na gangarowa, takardar na ƙuntata. Yaƙi ya ci wasu, wasu ba su haihu ba. Yayan Mai Alfadari ya mutu a babban yaƙi bai bar ɗa ba, sarauta ta faɗo kan Di'o yana bakin aiki. Di'o kuwa ɗa ɗaya ya samu, matarsa ba ta ƙara haihuwa ba bayan Zango. Duk taron nan na sama ya tattaro ya zama suna ɗaya tak, kamar wuyan gora. Ƙasa da shi kuma abin ya sake buɗewa, 'ya'ya, jikoki, har da wasu da aka ƙara da tawada sabuwa.

Baturen ya buga yatsa a kan wuyan nan, sannan ya nuna ƙirjinsa.

Malam ya daɗe yana kallon wurin. Jinjirin da bai kai tulu nauyi ba, a ɗakin bariki mai yoyo, yana amai. Da ya tafi a daminar nan, da takardar nan ta ƙare a tsakiya. Ya tuna kakarsa Shatu, 'yar tsohuwa mai goro a kumatu da faso a ƙafa, wadda ba ta taɓa sanin akwai gidan dutse ba.

Ya ce a tambaye shi ina sunanta a nan. Baturen ya girgiza kai. Ya ce irin takardarsu ba ta da gurbin wadda ta shayar. Shi ya sa ya zo da ƙafarsa.

Sai ga Khairunnisa, ƙaramar 'yar Malam, ta leƙo daga soron ciki ta ce Inna na kira.

Kulu ta faɗi a makewayi bara, ƙugunta ya karye. Mai ɗori ya yi iyakar yinsa, ba ta ƙara takawa ba. 'Yar ƙaramar mace ce dama, ciwo ya ƙara tsotse ta. Malam ya same ta an jingina ta da matashi, an ɗaura mata zanenta na ado da ba ta sawa sai da salla, ta sa kwalli. Labari ya riga shi shigowa.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Tun da ya fara karantarwa take ce masa Malam, wani lokaci da girmamawa, wani lokaci ba da ita ba.

"Shi ne?"

"Haka ya ce, Inna."

"To me yake yi a zaure?"

Ya durƙusa a bakin gado. Ya ce ya yi tunani, shi da manyan 'ya'yansa za su ɗauke ta da gadon gaba ɗaya, a hankali, su kai ta soron ciki. A sa labule, ta gan shi, su gaisa. Ba abin da zai ragu.

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

"A soro ake ganin mai tallan atamfa. Ƙanena ɗakina zai shigo. In ba zai shigo ba a sallame shi, a ce masa na mutu bara."

"Inna, Nasara ne fa."

"Da yake tsotso ma Nasara ne. Uwata ba ta tambaye shi ba."

Ya yi mata bayani yadda zai iya. Cewa ƙofar gida cike take da mutane. Cewa shi ne kullum yake faɗa musu ba a yin komai sai da hujja, namiji ba ya shiga wurin matan da ba muharramansa ba, kuma shi ya sa aka rubuta abin da aka rubuta a goshin soro. Shatu ta rasu, Ya'u ya rasu. Wa zai ba da shaida? Wa ma ya tabbatar wannan tsohon shi ne wancan jinjirin?

Ta ce, "Ka ce ya buɗe baki. A kira Maliki wanzami ya duba." Ta juya fuskarta bango.

Da ya fito, jama'a ta ninka. Tsofaffin unguwa sun baro gindin darbejiya sun jeru a dakali, yara sun kewaye mota. Zailani ya ja shi gefe ya ce a taimaka a gaggauta. Ba ya son duhu ya same shi a hanyar Kazaure, jirginsu na gobe ne da safe. Kuma tsohon zuciyarsa ba lafiya, likitocinsa da ƙyar suka bar shi ya taho. Ba zai sake zuwa ba.

Malam ya koma buzunsa ya faɗi abin da uwarsa ke nema. Bai ɓoye ba.

Sha'aban ne ya yi magana. Ya fara da Allah gafarta Malam, ya yi ta da ladabi, amma kowa ya ji ƙarfen da ke ƙasa. Ya ce Malam ne ya koya musu mai da'awa shi ke kawo shaida. Abin da ke akwai a nan maganar Inna ce a kan kanta, sai maganar wanda ba Musulmi ba. In yau an ɗaga wa wannan labule don ya zo da mota da doguwar takarda, gobe da wane baki za a hana wani? Ya ƙara da cewa 'yan ƙasar mutumin nan, a wannan sa'ar da ake zaune, suna kan Musulmi da bindiga.

Maganar ƙarshe Malam ya bar ta ta wuce, tsohon nan bai harbi kowa ba. Amma ta farkon gaskiya ce, kuma daga bakinsa yaron ya ɗauke ta. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ya aika a kira Maliki.

Maliki wanzami ne, ya girmi Kulu, asalinsa shi ma Zango. Rabin mazan unguwar shi ya yi musu kaciya, har da mai gidan. Ya daina aiki tun da hannu ya fara rawa, amma bakin na nan. Ya shigo yana dogara sanda, bai jira an ba shi wuri ba.

"Ɗan Kulu, yau ni kake nema? Rabonka da ni tun ranar da ka jiƙa mini riga."

Ɗalibai suka dukar da kai, kafaɗu na motsi. Malam ya haɗiye, ya ce Baba Maliki, Inna ce ta ce a duba bakin baƙo.

Maliki ya daina dariya. Ya dubi Baturen sosai a karo na farko.

Zailani ya sha wuya kafin ya juya roƙon, yana ta ba da haƙuri a ciki. Malam ya zaci tsohon zai ji haushi. Sai ya ga fuskarsa ta yi ja, idanunsa sun tsaya cak, kamar wanda aka kira da sunan da ba kowa ya sani ba. Bai tambayi dalili ba. Ya juya wajen hasken ƙofa, ya ɗaga haɓa, ya wangame baki.

Aka kawo tocila da cokali. Maliki ya danne harshen da bayan cokalin, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa. Mai sarautar gidan dutse na zaune a buzu, baki buɗe, hawaye na taruwa don cokali. Ba wanda ya yi dariya.

"Babu," in ji Maliki.

Ya zauna a ƙasa, ya ba da labarin yana kallon cokalin. Belu ne babu, ɗan naman nan da ke reto a ƙarshen ganɗa, wanda ake cire wa jarirai. Ya ce da Shatu ta karɓi yaron, da farko ya ƙi kama nono. Ta ce belu ne ya tare masa, ba wani abu ba. Wa zai je ya gaya wa Di'o a sa wa ɗansa aska? Sai ta jira ya fita duba gada, ta naɗe yaron a zane kamar wanki, ta kai wa uban Maliki a bayan bariki. Uban ya ƙi, ta yi kuka, ya yi.  Yaron ya tsala ihu, ta danna masa nono, ya kama. Uban Maliki ya yi wata da watanni in ya ga ɗan doka sai ya shige hatsi. Sai da Turawa suka tafi ya fara ba da labarin, ya yi ta ba da shi kuwa har ya gundure su.

Zailani ya fassara. Baturen ya rufe baki a hankali, ya kai hannu maƙogwaro ya bar shi a nan.  Ya ce tun yana makarantar kwana likitoci ke kiran junansu su zo su gani. Wani babba a cikinsu ya ce haka aka haife shi. Uwarsa ta mutu a kan haka ta sani. Shekara saba'in yana yawo da aikin wani mutum a cikin bakinsa, bai san sunansa ba. Ya tambayi sunan. Maliki ya faɗa, Nagoggo. Baturen ya maimaita sau biyu.



Sha'aban bai sauka ba. Ya ce to, an yarda shi ne yaron. Amma shayarwa fa? Baba Maliki bai gani da idonsa ba, ji ya yi, kuma mutum ɗaya ne.

Malam ya dubi ƙofa, inda tsofaffi suka cunkushe. Bai shirya tambayar ba, fitowa ta yi. Ya ce a cikinku wa ya taɓa jin cewa Shatu ta shayar da ɗan Di'o, kafin yau?

 Sai wani tsoho ya ce, yo wa bai ji ba? Dariya ta ɓarke. Wani ya ce shi a wurin uwarsa ya ji, tana tsefe kai. Wani ya ce ai a Zango har rijiyar da Shatu ke wanki ana nunawa. Wani dattijo mai carbi, limamin wani masallaci a bayan kasuwa, ya ce Allah ya yafe musu, shi ne ma ke ba da waƙar in an biyo Malam daga makaranta. Wani daga waje ya fara tafin, irin na da, aka ce masa kai.

Tsohon zafin ya taso wa Malam. Harshensa ya je kan gutsurarren haƙori. Fuskokin nan ne, sun yi furfura kawai.

Sai kuma abin ya juye masa.

Akwai babi a littafin da ke hannunsa, sun wuce shi da azumin bara. Shaidar ji. Abin da ya yaɗu a bakin jama'a tun da daɗewa, na kirki sun faɗa, na banza sun faɗa, ba don wani ya ci riba ba, ana karɓarsa a kan nasaba, a kan mutuwa, a kan shayarwa. Ya karantar da shi ba sau ɗaya ba. Bai taɓa kawo gidansu a ciki ba.

 Matan gidan biki, yaran hanyar makaranta, mai ba da waƙa, masu amshi. Su a ganinsu tsokana suke. Ashe ajiya aka ba su. Da sun yi shiru don kunya ko tausayi, da yau ba shi da abin da zai riƙe. Shi kaɗai ne a garin nan ya yi ƙoƙarin kashe maganar, Allah bai ba shi iko ba.

Ya buɗe littafin ya nemo wurin, ya miƙa wa Sha'aban ya ce ya karanta da ƙarfi. Sha'aban ya karanta. Larabcinsa mai kyau ne, bai yi tuntuɓe ba, sai a ƙarshe muryar ta yi ƙasa.

Malam ya ce shayarwa ta tabbata. Abin da jini ke haramtawa nono na haramta shi, kuma nono ba ya tambayar addini. Ya jawo takardar Baturen, ya sa tafin hannu ya rufe duk abin da ke sama da wuyan nan. Ya ce waɗannan ba ruwanmu da su, da mai gidan dutse da wanda aka sare, nono ba ya hawa sama. Ya zame hannun ƙasa. Amma daga nan zuwa ƙarshen takarda jikokin Shatu ne. Wannan da zai gaji sarautar, Kulu goggonsa ce. Waɗannan na sabuwar tawada, kakarsu ce.

Wani tsoho ya ce Allahu akbar, a hankali, kamar da kansa yake.

Sha'aban ya rufe littafin ya ajiye a gaban Malam. Ya ce hukunci ya ji, ba shi da abin cewa a kansa, amma zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Ya zare nasa littafin daga kusurwar takardar, kusurwar ta nannaɗe. Ya sa takalmi ya fita. Wasu samari suka bi shi. Malam bai kira su ba. Ya san gobe za a yi maganarsa a masallatai, ya san irin maganar.

Ya miƙe. Saura abu ɗaya, kuma ya fi hukuncin wuya. Ya zagaya tabarma, ya tattare rigarsa, ya durƙusa a gaban tsohon har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, a gaban ɗalibansa da limamin bayan kasuwa.

"Kawu, sannu da zuwa. Yaya hanya?"

 Zailani ya faɗa da Turanci, gajere. Baturen ya dubi Malam, ya dubi Zailani, ya sake tambaya, aka sake faɗa masa. Ya miƙa hannu biyu ya kama kafaɗun Malam yana son ɗaga shi, ba shi da ƙarfin. Sai Malam ne ya ɗaga shi.

A bakin soron ciki Zailani ya yunƙura zai bi su. Malam ya tare shi da hannu. Ya ce kai ba ka sha ba. Zailani ya ce to wa zai yi fassara, Allah gafarta? Malam ya ce babu.

Ya yi gyaran murya ya ce matansa su shiga ɗaki, matar ɗan 'yar'uwa ba muharrama ba ce. 'Yan matan suka zabura su ma, manya na jan mayafi. Ya tsaya ya lissafa a ransa, ya ce ku tsaya, kakanku ne. Suka tsaya a jikin turmi, Khairunnisa a gaba, ido waje. Ba su taɓa ganin wani namiji a tsakar gidan nan ba in ba 'yan'uwansu ba. Tsohon na tafe a hankali, sandarsa na nutsewa a rairayi, yana kallon komai, igiyar shanya, murhu, akuyar da aka ɗaure. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce masa ba. Sai da ya ninke kusan biyu kafin ya shiga.

Kulu ta juyo. Mayafinta na kan matashi a ninke, ita ta ajiye shi. Kitson furfura ne a kanta, ƙanana, irin na tsofaffi.

Ta dube shi daga ƙafa har inda kansa ke neman taɓa rufi.

"Dubi tsawo," ta ce. "Duk rabona ne wannan."

Ta shiga gaya masa. Cewa nonon bai ishi biyu ba, sai aka ɗora ta a kan koko tun ba ta isa ba, shi ya sa ta tsaya a haka. Cewa uwarsu har ta mutu in hadari ya taso sai ta ce ko yaron nan an rufe shi. Cewa ta sani zai zo, amma bai kyauta ba da ya bari sai da ƙafa ta tafi. Bai ji ko ɗaya ba. Malam ya tura masa kujera 'yar tsugunne, ya sauka a kanta da ƙyar, gwiwoyinsa a sama kamar fara.

Ta kama wuyan hannunsa. Malam ya bi babin shayarwa a ransa tun daga farko, bai sami inda ya hana ba. Ta jera hannunta da nasa a kan zane. Ɗaya baƙi, ɗaya ja mai ɗigo-ɗigo, duka fata ta saki, duka jijiyoyi sun fito.

Tsohon ya ce, "Shatu?"

"Ta daɗe," in ji Kulu. Ta nuna ƙasa.

Ya gyaɗa kai. Sai ya fara magana da harshensa, doguwa, yana tsayawa yana haɗiyar yawu, hawaye na bin kwarin fuskarsa bai share ba. Tana kallon bakinsa tana cewa to, to, na ji, ai ya wuce.

Can ta tuna akwai mutum a tsaye. Ba ta ko juyo ba.

"Malam, ba mu wuri. Ka sakar mana labulen."

Ya tsaya kaɗan. Mace da namiji, ɗaki ɗaya, ba na uku. Shekara nawa yana jan kunnen mutane a kan wannan. Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙaninta.

Ya fita da baya, ya saki labulen da hannunsa.